Tiger Aspect, kamfanin da ya yi Mr Bean da Peaky Blinders: tambayoyi da amsoshi

Da wuya ka samu gidan da ke da talabijin ko babbar waya a ƙasar Hausa da ba a taɓa dariyar Mr Bean ba, samari kuma yanzu hoton Tommy Shelby na Peaky Blinders da hularsa ya cika musu sitatus, amma in ka tambaya wa ya yi su sai a ce maka BBC ce, ko a ce ai turawa ne kawai. Toh akwai kamfani ɗaya da sunansa ke fitowa a ƙarshen duka biyun, daidai lokacin da sunaye ke hawa sama kowa ya riga ya miƙe, shine Tiger Aspect. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wai menene Tiger Aspect ɗin, tashar talabijin ce?

A'a ba tasha bace, ba za ka taɓa kamo ta a dish ko a rimot ba. Kamfani ne na shirya shirye-shirye da ke Landan, aikinsa ya nemo labari, ya nemo marubuci da darakta da 'yan wasa, ya ɗauka ya tace, sannan ya miƙa wa tashar da ta ba shi kwangila ta haska. Shi yasa zaka ga aikinsu a BBC, ka gani a ITV, ka gani a Channel 4 da Sky har da Netflix, alhali waɗannan tashoshin kishiyoyin juna ne. Kowa zai iya sayen kayansu in dai an daidaita.

Yaushe aka kafa shi, kuma wa ya kafa?

Wani mutum mai suna Peter Bennett-Jones ne ya kafa shi a 1988, lokacin sunansa Tiger Television. Abin da ya kamata a sani game da mutumin nan shine ba daga kyamara ya fara ba, shi wakilin 'yan barkwanci ne, yana da kamfanin PBJ Management da ke kula da harkokin 'yan wasa, shi ke nema musu aiki ya yi musu ciniki, kuma cikin mutanensa akwai Rowan Atkinson, wanda daga baya ya fito a Mr Bean. Kaga kenan tun ranar farko yana da abin da sabon kamfani ya fi wahalar samu, wato mutanen da tasha ke so ta gani a allo. A 1993 ne suka haɗe da wani kamfani mai suna Aspect wanda ya fi ƙarfi a shirye-shiryen gaskiya na bincike da tarihi, daga nan sunan ya koma Tiger Aspect.

Me yasa BBC ko ITV ba za su yi shirinsu da kansu ba, sai sun ba wani?

Da can haka suke yi. Har farkon shekarun 1980 kusan duk abin da ɗan Birtaniya ke kallo a cikin gidan BBC ko gidajen ITV aka dafa shi, ma'aikatansu, situdiyonsu, kyamarorinsu, in kai ɗan waje ne kana da labari mai kyau toh sai dai ka nemi aiki a wajensu. Abu ya fara canzawa ranar 2 ga Nuwamba 1982 da aka buɗe Channel 4, don ita tun asali an tsara ta ne ba ta shirya komai da kanta, saye kawai take yi daga waje, nan take ƙananan kamfanoni suka fara tsirowa a Landan musamman unguwar Soho. Sai kuma dokar yaɗa labarai ta 1990, zamanin gwamnatin Thatcher aka tsara ta, ta wajabta wa BBC da ITV cewa aƙalla kashi 25 cikin ɗari na shirye-shiryen da dokar ta ƙidaya dole su fito daga kamfanoni masu zaman kansu. Ka duba shekarun da kyau, an kafa Tiger a 1988, shirinsu na farko da ya yi tashe ya fito a 1990, wato sun shigo kasuwa daidai lokacin da aka buɗe ƙofa. Ni a ganina duk wanda ya ba da labarin kamfanin nan ya tsallake dokar nan bai ba da rabin labarin ba, basira tana nan tun da can, ƙofar ce babu.

Mr Bean kashi nawa ne gaba ɗaya? Ni dai na ga kamar ba ya ƙarewa

Wannan ita ce amsar da mutane ba sa yarda da ita sai sun je sun ƙirga da kansu. Kashi 15 ne kacal, kusan kowanne wajen minti 25, kuma na ƙarshen ma tsofaffin gutsattsari aka tattaro aka haɗa. An fara haskawa a ITV ranar 1 ga Janairu 1990, aka rufe a Disamba 1995. Shekara shida kenan, wata shekarar kashi biyu ko uku kawai za a saki. Abin da yasa kake ganin kamar sun kai ɗari shine kowane kashi akwai labarai biyu ko uku a ciki da za a iya yankawa kowanne ya tsaya da ƙafarsa, kashin farko kaɗai akwai na ɗakin jarrabawa inda yake ta leƙen takardar na kusa da shi, akwai na bakin teku inda yake fama ya canza wando a gaban wani mutum ashe makaho ne, akwai na coci inda barci ke ta fizgarsa. Haka aka yi ta yanka su ana sakewa a tashoshi da kaset da faifai, yanzu kuma a waya.

Kashin farkon nan ya ci babbar kyautar Golden Rose a bikin Montreux na ƙasar Suwizalan a 1990, kuma a 1992 akwai kashin da mutum sama da miliyan 18 suka kalla a Birtaniya kaɗai. Rowan Atkinson da Richard Curtis da Robin Driscoll ne suka rubuta yawanci, Ben Elton ya sa hannu a na farko. Tashar Thames, ɗaya daga cikin gidajen ITV, ce ta fara ba da kwangilar, to ita Thames ɗin ta rasa lasisinta na Landan ta daina watsa shiri a ƙarshen 1992, amma Mr Bean bai mutu da ita ba, ya ci gaba da fitowa a ITV ta hannun wani gidan nasu mai suna Central. Nan ma wani amfani ne na a ce mai shirya abu daban mai haskawa daban.

Me ya sa ya karɓu haka har a wajenmu da ba Turanci muke ji sosai ba?

Saboda babu Turancin da za a ji. Mutumin da ƙyar yake furta kalma biyu uku, shima ƙasa-ƙasa cikin maƙogwaro, sauran duk fuska ce da jiki. Kuma ba haɗari bane, da gangan aka gina shi haka. Atkinson injiniyan lantarki ya karanta a Newcastle sannan ya tafi Oxford yin digiri na biyu, a can ya haɗu da Richard Curtis kuma a can ya fara ƙirƙiro wannan halitta, shi da kansa yana kwatanta Bean da yaro ƙarami a jikin babban mutum. A 1987 ya je bikin barkwanci na Montreal a Kanada ya nemi a sa shi gaban masu jin Faransanci maimakon masu jin Turanci don ya gwada ko abin zai yi aiki ba tare da harshe ba, kuma ya yi. Tun kafin a kunna kyamara kenan an riga an san kayan na fita waje ne.

Ka kwatanta da namu barkwancin, marigayi Rabilu Musa Ibro da ire-irensa, ƙarfinsu yawanci a baki yake, karin magana da habaici da kwaikwayon yadda wasu ke magana, Bahaushe zai yi dariya har hawaye amma ɗan Indonesiya sai an fassara masa kuma rabin daɗin ya zube a hanya. Shi Bean ko fassara ba ya buƙata, kaka da jika za su zauna tabarma ɗaya su ga ya saka kansa cikin talo-talo ya maƙale, ko ya ɗaure kujera a saman ƙaramar motarsa yana tuƙi da igiya da sandar goge-goge, kowa ya gane. Ga shi babu batsa sosai, shi yasa ma jiragen sama suka daɗe suna saka wa fasinjoji shi.

Toh kuɗin wa ke ci, tashar ko kamfanin?

Nan ne zuciyar maganar gaba ɗaya, kuma nan nake so mu tsaya. A da, ko da an ba kamfanin waje kwangila, yawanci tasha ce ke biyan kuɗin aiki ta ɗora ɗan lada a kai sannan ta riƙe haƙƙin mallaka, wato kamfani kamar ɗan ƙwadago ne a gonar wani, ya yi huɗa ya yi shuka ya yi noma an sallame shi da yamma, amma ranar girbi da duk kakar da za ta biyo baya rumbun mai gona ake cikawa. Kamfanoni masu wayo da masu manyan taurari a hannu ne kawai ke iya tsayawa su ce a'a za mu riƙe wani abu. Ƙungiyarsu mai suna Pact ta yi shekaru tana faɗa a kan wannan har aka yi dokar sadarwa ta 2003, wadda ta ba hukumar Ofcom mai sa ido kan tashoshi ƙarfi, daga nan aka tsara sabbin ƙa'idojin ciniki inda tasha ke sayen izinin haskawa na wani lokaci kawai, shi kuma kamfani ya riƙe mallakar shirinsa, ya sayar a ƙasashen waje, ya yi faifai, ya yi kayan wasan yara, ya sayar da tsarin shirin a sake yinsa a wata ƙasa.

Abin da wannan ya haifar shine kamfanoni suka zama dukiya da kansu, don yanzu kowanne yana da rumbun tsofaffin shirye-shirye da ke kawo kuɗi ko ana barci, kuma shi yasa bayan 2003 manyan 'yan kasuwa suka fara rububin sayensu. Mr Bean shine misalin da ya fi fitowa fili. Daga kashi 15 ɗin nan aka samu fim na sinima a 1997 da ya tara sama da dala miliyan 250 a duniya, aka sake wani a 2007 inda ya tafi hutu Faransa shima ya haura dala miliyan 200, aka yi katun, ga shafin Facebook da mabiyansa suka wuce miliyan 100, ga YouTube da ake kallo dare da rana. Aikin da aka gama ɗauka a 1995 har yau yana biyan albashin mutane. Duk mai shirya fim ko shiri mai dogon zango a Kano ko Kaduna ko Jos da zai sa hannu a takarda da wata tasha ko wata manhaja, wallahi layin da ya kamata ya fi karantawa a hankali shine wanda ya ce wa zai mallaki shirin bayan an gama haskawa kuma na shekara nawa, ya fi layin kuɗin da za a ba shi a hannu muhimmanci.

Katun ɗin Mr Bean shima nasu ne?

Eh nasu ne. An fara shi a Janairu 2002, zanen farko a wani situdiyo na Budapest a ƙasar Hungari aka yi, kuma Atkinson ɗin da kansa ke yin muryar. An tsaya na tsawon shekaru sannan aka dawo da shi a 2015, kashi-kashinsa gajeru ne wajen minti 11 kuma tuni suka wuce 100, ninkin ba ninkin na asalin. Dabarar a fili take, ɗan wasa yana tsufa kuma irin wannan wasan jiki yana gajiyarwa, amma zane ba ya tsufa. Yara da yawa yanzu ta katun suka fara saninsa, har da tsohuwar mai gidan hayarsa da mugun kyanwarta, waɗanda babu su a shirin asali.

Johnny English da Blackadder fa?

Ba nasu bane. Blackadder BBC ce ta yi da kanta tun shekarun 1980, Johnny English kuma kamfanin fim na Working Title ne. Ba duk abin da ka ga Atkinson a ciki ne na Tiger Aspect ba. Wanda yake nasu shine The Thin Blue Line na 1995 zuwa 1996, inda ya fito a sufeton 'yan sanda, kuma a nan magana yake yi sosai.

Bayan Bean wane barkwanci suka yi da ya yi tashe a can gida?

Babba a ciki shine The Vicar of Dibley da aka fara a BBC One a Nuwamba 1994, Richard Curtis ya rubuta, Dawn French ta fito a mace limamiyar coci da aka tura wani ƙauye inda mutane ke jiran namiji. Abin ya zo a kan gaɓa don a shekarar ne Cocin Ingila ta fara naɗa mata wannan muƙamin bayan doguwar muhawara, kowa na maganar. Da BBC ta yi ƙuri'ar jin ra'ayi a 2004 kan shirin barkwancin da ya fi kowanne a Birtaniya shi ya zo na uku. Mu nan ba mu san shi sosai ba saboda dariyarsa a magana take da al'adar ƙauyen Ingila, kaga bambancinsa da Bean kenan duk da marubuci ɗaya ne.

Sai Harry Enfield and Chums, da The Catherine Tate Show daga 2004, da Bad Education na Jack Whitehall a 2012, da kuma Benidorm wanda ya yi zango 10 a ITV daga 2007 zuwa 2018, labarin talakawan Ingila ne da ke zuwa hutu wani otel a gaɓar tekun Sifen inda an biya kuɗin ci da sha gaba ɗaya, kuma a garin Benidorm ɗin ake ɗauka. A ɓangaren yara akwai Charlie and Lola na 2005.

Ta yaya kamfanin barkwanci ya koma yin Peaky Blinders?

Ba tsalle ɗaya suka yi ba, sun daɗe suna gina ɓangaren wasan kwaikwayo mai nauyi a gefe. A 2000 suna cikin waɗanda suka yi fim ɗin Billy Elliot tare da Working Title da BBC, labarin yaro ɗan mai haƙar kwal a arewa maso gabashin Ingila lokacin babban yajin aikin 1984 zuwa 1985, fim mai ƙaramin kasafi da ya tara sama da dala miliyan 100. A 2004 suka yi Omagh, kan bam ɗin da ya tashi a garin Omagh na Ireland ta Arewa a watan Agusta 1998 ya kashe mutum 29, fim ne mai ciwo da ya bi wani uba da ya rasa ɗansa yana neman a gaya masa gaskiya, ya ci BAFTA, babbar kyautar fim da talabijin ta Birtaniya. Suka yi Teachers a Channel 4, suka yi Murphy's Law da James Nesbitt, suka yi Robin Hood a BBC One daga 2006 zuwa 2009 wanda a Hungari aka ɗauka duk da dajin Ingila ake nunawa, har aka sace wasu kaset na aikin a can kafin a fara haskawa daga baya aka same su. A shirye-shiryen gaskiya kuma sune suka kai ɗan wasa Ross Kemp Afganistan ya zauna da sojojin Birtaniya a fagen daga. Duk wannan kafin 2013 ne, toh lokacin da labarin gidan Shelby ya zo akwai mutanen da suka san yadda ake ɗaukar babban aiki na tarihi.

Su kaɗai suka yi Peaky Blinders?

A'a, kuma adalci ne a faɗa. Steven Knight ne ya ƙirƙiro ya rubuta, ɗan Birmingham ne kuma ya sha faɗin cewa daga labaran da iyayensa suka ba shi na unguwar Small Heath ya samo shi. Kamfanin Caryn Mandabach, wata furodusa 'yar Amurka da ta koma Birtaniya, shi ya riƙe ragamar, Tiger Aspect ya shigo a matsayin abokin aiki. An fara a BBC Two a Satumba 2013, labarin ya buɗe a Birmingham ta 1919 bayan sojoji sun dawo daga yaƙin duniya na farko da tabo a zuciya, Cillian Murphy ne Tommy. Ya ci BAFTA na shirin dirama mafi kyau a 2018, sai a zango na biyar a 2019 aka ɗaga shi zuwa BBC One saboda masu kallo sun yi yawa, aka rufe a 2022 da zango 6, kashi 36. Helen McCrory da ta fito a Anti Polly ta rasu a Afrilu 2021 kafin zangon ƙarshe, kuma duk wanda ya kalla ya ji rashinta.

Wani abin da mutane ba su sani ba shine yawancin ɗaukar ba a Birmingham aka yi ba, don tsofaffin unguwannin sun tafi, yaƙi ya rushe wasu gyaran gari ya cinye wasu. A Liverpool da Manchester da yankin Yorkshire aka ɗauki da yawa, sai gidan tarihi na Black Country a Dudley inda aka adana tsofaffin gine-gine da magudanar jiragen ruwa. Abin da ya fitar da shi duniya kuma Netflix ne, da suka ɗauke shi daga 2014.

Me yasa zangonsu gajere ne, kashi shida kawai?

Al'adar aikin ce a can. A Birtaniya sau da yawa mutum ɗaya ko biyu ne ke rubuta shiri gaba ɗaya, ba ɗaki guda na marubuta goma ba kamar Amurka inda zango ke kai kashi 22, kuma mutum ɗaya ba zai iya fitar da fiye da haka mai kyau a shekara ba. Ga kuɗi ma ba ɗaya ba. Ni dai na fi son haka, kashi shida da babu ciko ya fi talatin da ake jan labari kawai don kada a rufe.

Ina kuɗin yin irin waɗannan manyan shirye-shiryen ke fitowa?

Ba daga aljihu ɗaya ba. BBC kuɗinta daga lasisin talabijin yake zuwa wanda gidaje ke biya duk shekara, a Afrilu 2025 an tsayar da shi fam 174.50, ITV da Channel 4 kuma talla ce ke riƙe da su. Amma abin da tasha ke bayarwa sau da yawa ba ya isa babban dirama, sai kamfani ya nemo ciko, mai rarrabawa ya ba da kuɗi tun kafin a ɗauka bisa abin da yake sa ran sayarwa a waje, wata tashar Amurka ko manhaja ta shigo, sannan daga 2013 gwamnati ta kawo sassaucin haraji ga dirama mai tsadar da ta kai fam miliyan 1 a kowace awa, da katun ma. Shi yasa kake ganin tambari uku huɗu a ƙarshen shiri ɗaya. Kuma galibin masu aikin, daga mai kyamara har mai kwalliya, ba ma'aikatan dindindin bane, ana ɗaukarsu ne aiki-aiki, an gama kowa ya kama gabansa.

Labarin Ripper Street ya nuna yadda kasuwar ta juya. Shirin 'yan sanda ne a unguwar Whitechapel ta Landan a 1889, a Dublin aka ɗauka, ya fara a BBC One a ƙarshen 2012. Bayan zango biyu BBC ta ce ta gaji saboda masu kallo sun ragu, magoya baya suka tayar da ƙura a intanet, a 2014 Amazon ta shigo ta zuba kuɗi aka ci gaba har zango 5. Shekara goma kafin nan da tasha ta ce an rufe toh an rufe kenan, amma da yake akwai sabbin masu saye kuma shirin ba a hannun tashar kaɗai yake ba sai aka samu wata ƙofar.

Wa ke da kamfanin yanzu?

Ya sha canza hannu. A 2006 kamfanin IMG na Amurka wanda aka fi sani da harkar wasanni ya saye shi, a 2009 ya sayar wa Endemol masu Big Brother, daga baya Endemol ta haɗe da Shine aka samu Endemol Shine, sai a 2020 Banijay na Faransa ya haɗiye su gaba ɗaya. Wato kamfanin da ya yi Mr Bean yau reshe ne a cikin wani katafaren rukuni mai hedikwata a Paris, kuma Bennett-Jones ya daɗe da barin kujerarsa. Akwai masu ganin wannan ya ci amanar manufar farko, don an yi dokokin ne saboda ƙananan masu zaman kansu su samu wuri, sai gashi sun girma an saye su sun koma hannun 'yan manya kaɗan. Ina ganin akwai gaskiya a ƙorafin, sabon yaro mai labari a hannu yanzu da ƙattai yake gogayya, ko da yake ta ɗaya ɓangaren babban rukuni ne ke da hanyar kai shiri ƙasashe da yawa lokaci ɗaya.

Akwai wani shirinsu da ya shafi Musulmi ko baƙi mazauna Birtaniya?

Akwai Man Like Mobeen da aka fara a BBC Three a 2017. Guz Khan ne ya fito a ciki kuma yana cikin marubutan, shi tsohon malamin makaranta ne ɗan asalin Pakistan daga Coventry wanda ya fara da ɗora gajerun bidiyo a intanet kafin a gano shi. Mobeen Musulmi ne mai gemu a Small Heath, unguwar nan dai ta su Shelby amma bayan shekara ɗari, yana ƙoƙarin barin tsohuwar rayuwar banza ya riƙe addininsa ya tarbiyyantar da ƙanwarsa Aks shi kaɗai, ga 'yan sanda ga masu wariya ga tsofaffin abokan harka da suka ƙi sakinsa. Akwai zagi da maganganun titi a ciki, ba na zama da yara bane kamar Bean. Sai The Good Karma Hospital na ITV daga 2017, labarin wata likita da ta bar Ingila ta koma aiki a ƙaramin asibiti a kudancin Indiya, amma a Sri Lanka aka ɗauke shi.